"In Za Ka Sayar, Ka Fara da Ni": Yadda Ake Ɗaure Wannan Alkawari a Takardar Cinikin Gida ko Fili

Yayana tela ne. Shekara 14 ya yi a shago ɗaya a bakin titi wajen Wadata, nan Yamai, har mutanen unguwa suka koma yin kwatance da shagonsa. Mai gidan dattijo ne na kirki, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ce masa: "Ɗana, kwantar da hankalinka. Duk ranar da zan rabu da wurin nan, kai zan fara faɗa wa." Yaya ya amsa da "Na gode, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma," ya shiga adashi yana tarin kuɗi. Sai ciwo ya kwantar da tsohon, ƴaƴansa suka buƙaci kuɗin magani da gaggawa, dillali ya kawo mai saye, aka gama ciniki cikin mako guda. Yaya bai san wainar da ake toyawa ba sai safiyar da ya tarar da wani baƙo da mai awo suna jan mita a ƙofar shagon, almajiransa sun tsayar da kekunan ɗinki suna kallo.

Babu wanda ya yi niyyar cutar sa. Ƴaƴan ba su taɓa jin maganar ba, tsohon kuwa ba ya cikin halin tunawa. Alkawarin na gaskiya ne, amma bai faɗi wa zai sanar da Yaya ba, ta wace hanya, kwana nawa za a jira shi, a kan wane farashi. Waɗannan abubuwa huɗu su ne jikin maganar, kuma su nake so mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara sanin abin da ake ɗaurewa

Sunan da za ka gani a takardun noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, shi ne pacte de préférence. Da Hausa sai mu ce sharaɗin fifiko wajen saye. Mai gida bai yi alkawarin sayarwa ba. Yana iya riƙe abinsa har ƙarshen ransa, ba ka da ta cewa. Abin da ya ɗaukar wa kansa kawai shi ne, ranar da ya yanke shawarar sayarwa, kai za a fara yi wa tayi kafin kowa. Kai ma ba a ɗaure ka ba: ka ga dama ka saya, ka ga dama ka ce Allah ya sa albarka. Kada a haɗa shi da alkawarin sayarwa, wanda a cikinsa an riga an tsayar da kaya da farashi. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a ayarta ta 1583, tana ɗaukar ciniki ya faɗa da zarar an daidaita kan kaya da kuɗi. A sharaɗin fifiko ba a kai nan ba tukuna.

A cinikin gida da fili, wuri uku ya fi shiga. Na farko, farsal, wato yankakken fili, mai murabba'in mita 600 aka yanka biyu, ka sayi 300, mai wurin ya riƙe 300; kana so in zai rabu da nasa rabin ka haɗe, kada a wayi gari wani ya kafa injin niƙa a jikin bangon ɗakin kwananka. Na biyu, larura ta sa mutum ya sayar da wani ɓangare na gidan iyayensa, yana so in mai sayen zai sake sayarwa a dawo masa da tayin. Na uku, mutum biyu sun haɗa kuɗi sun sayi wuri ɗaya, kowa na tsoron ɗayan ya shigo masa da baƙo. Ɗan haya ma, irin Yaya, yana iya sa shi a takardar hayarsa.

"Ai akwai shuf'a"

Da ka tayar da maganar rubutu, wani zai ce maka addini ya riga ya gama wannan magana. Gaskiya ne akwai shuf'a, wato haƙƙin karɓar kason da abokin tarayyarka ya sayar wa wani, kuma hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Buhari ya ruwaito ya kafa ta: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta shuf'a a cikin duk abin da ba a raba ba, amma in aka sa iyakoki aka fitar da hanyoyi, to babu shuf'a. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san yadda Malikiyya suka tafi da ita. Haƙƙi ne na abokin tarayya a cikin abin da ba a raba ba. Maƙwabci ba ya da ita, Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda yake tafiya yana nan kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Kuma abin da mai saye ya biya shi za ka mayar masa.

To duba da kyau. Wanda ya sayi rabin farsal aka kafa borni, wato alamar iyaka, tsakaninsa da mai wurin, ya zama maƙwabci, ya fita daga shuf'a. Ɗan haya dama bai taɓa shiga ba. Magadan da ba su raba gida ba su ne ke ciki, su ma akwai abin lura: dokar tsarin shari'a ta ƙasar nan, ta 2004 wadda aka sabunta a 2018, ta ce alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin gado da mallakar ƙasa, amma ta cire filin da aka riga aka yi wa titir fonsiye, wato takardar mallaka da ke rubuce a littafin filaye na hukuma. Saboda haka ko kana da shuf'a, rubutun ba ya rage ka da komai. Aya ta 1134 ta dokar farar hula ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta. Wannan ayar ita ce ƙafar da sharaɗinka zai tsaya a kai.

Mataki na 1: wa ke da wurin, da wace takarda?

Wanda bai mallaki abu ba, ba ya iya ba ka fifiko a kansa. Ka nemi ganin takardar asali da idonka, kada ka tsaya a fotokofi. In titir fonsiye ne, a je ma'aikatar da ke riƙe da littafin filaye, ƙarƙashin hukumar lanho, wato ta haraji, a duba sunan wa ke ciki, kuma ko an jinginar da shi a banki. In takardar meri ce, wadda ake kira acte de cession, a duba lambar ilo, wato rukunin filayen, da ta farsal a ma'aikatar magajin gari. In gidan gado ne, hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba, ko da kowa na jin maganarsa. Duk magada za su sa hannu, mata da maza, ko wanda suka ba takardar wakilci.

Mataki na 2: a faɗi wurin ƙarara

"Sauran filina da ke Banifandu" ba kwatance ba ne. A rubuta lotisma, wato unguwar da aka yanka filayen, ilo, lambar farsal, faɗin wurin da mita, da wanda ke gabas da yamma da kudu da arewa. In shago ɗaya ne cikin jerin shaguna biyar, a ce na nawa ne daga wace kusurwa.

Mataki na 3: wane irin rabuwa da wurin ne zai tayar da haƙƙinka?

Nan ne takardu da yawa ke yoyo. An rubuta "in zai sayar", aka tsaya. Alhali hanyoyin da gida ke barin hannun mutum sun fi sayarwa yawa, kuma mai son zillewa ta nan yake bi.

Kyauta: uba ya ba ɗansa ko ƴarsa. Ban ga adalci a ce ka hana mutum yi wa ɗansa kyauta ba, ko a shuf'a ma kyautar da babu sakayya ba ta tayar da haƙƙi. Abin da za ka nema shi ne a rubuta cewa wanda aka ba kyautar ya karɓe ta da sharaɗin a wuyanta, ranar da zai sayar da kai zai fara. In ba haka ba, yau a yi kyauta, jibi ɗan ya sayar, ka tashi a tutar babu.

Musaya: an ba da fili an karɓi mota da cikon kuɗi. Ba ka da irin wannan motar, ta yaya za ka biya daidai da na waje? A rubuta cewa duk abin da ba kuɗi ba za a kimanta shi da kuɗi, ta hannun masanin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, in sun kasa daidaitawa alƙali ya naɗa.

Sayarwa a dunƙule: mai wurin na da shaguna biyar, ya sami mai kwashe su gaba ɗaya a miliyan 60 na sefa, kai kuma fifikonka a kan guda ɗaya ne. Ko dai a wajabta masa ya ware farashin naka shagon, ko a ba ka zaɓi ka ɗauki duka. Ka faɗi wanda kake so tun yanzu, domin ranar da miliyan 60 ke kan tabarma babu mai sauraron ka. Haka nan in zai sayar da wani yanki kawai na wurin, ko zai zuba shi a matsayin jari cikin kamfani: a ambace su da suna.

Gwanjon kotu kuwa, in banki ya kama gidan saboda bashi, wannan ba sayarwar ganin dama ba ce, kada ka dogara da sharaɗinka a nan. Iyakar abin da za ka iya sawa shi ne mai wurin ya sanar da kai in zai jinginar da shi, ko in takardar kamu ta iso masa, don ka shirya shiga gwanjon kamar kowa.

Mataki na 4: farashi

Wasu na son a tsayar da kuɗi tun yau. Ban ba da wannan shawara ba. Duk wanda ya zauna Yamai ya ga yadda wurin da jiya gonar gero ce ya koma unguwa mai benaye; farashin da aka rubuta yau, bayan shekara 8 zai zama zalunci ga mai wurin, kuma wanda ya ji an zalunce shi zai nemi ƙofar fita ko ta halin ƙaƙa. Abin da ya fi zama lafiya: ka saya a kan farashi da sharuɗɗan da na waje ya taya da gaske.

Kalmar "da gaske" ita ce wurin aiki. Mai wuri na iya haɗa baki da abokinsa a ce an taya miliyan 20, ka ce ba ka iyawa, a juya a sayar wa wani a 14. Maganinsa abu biyu ne. Tayin na waje ya zo a rubuce, da sunan mai tayin, da sa hannunsa, da yadda zai biya, lakadan ko kashi-kashi. Sannan a rubuta cewa in ka haƙura, ba a da ikon sayar wa kowa ƙasa da abin da aka faɗa maka, ko da sauƙin biyan da ba a yi maka ba, sai an dawo maka da sabon tayi. A kuma faɗi wanda zai ɗauki la'adar dillali in kai ka karɓi cinikin, don dillalin da ya sha rana ya kawo mai saye ba zai tafi hannu rabbana ba, kuma rigimarsa kaɗai na iya ɓata komai.

Ga wani gargaɗi ga mai sayarwa. Akwai masu rage kuɗi a takarda don kuɗin rajista ya yi sauƙi: a biya miliyan 18 a rubuta 10. Ban da cewa laifi ne a gaban hukumar lanho, in akwai mai fifiko a kan wurin ka haƙa wa kanka rami, domin zai ɗauko takardar ya ce a miliyan 10 aka sayar, shi kuma 18 aka faɗa masa.

Mataki na 5: yadda labari zai iso maka

Da a ce abu ɗaya kawai za a bar ni in rubuta a takardar, wannan zan rubuta. "Na faɗa masa a masallaci bayan la'asar", "na aika yaro bai same shi ba", "na kira wayarsa a kashe": duk waɗannan ba su da shaida, kuma da su ake raba zumunci. A rubuta cewa sanarwa za ta zo ta hannun wisiye, wato ma'aikacin shari'ar da ke kai takarda ya rubuta ranar da ya kai da wanda ya damƙa wa, ko kuma wasiƙa hannu da hannu wadda za ka sa hannu a kwafinta da kwanan wata. Saƙon WhatsApp yana da amfani a matsayin ƙari, a ɗauki hoton takardar a tura, amma kada ya zama shi kaɗai ne hanya. Waya na ɓata, lamba na canzawa.

Sai maganar matafiya, wadda ta shafi gidaje da yawa a cikinmu. Mutum na Abijan ko Kwatano ko Lome yana nema, wani na Aljeriya ko Libiya, shekara biyu bai leƙo gida ba. Ina za a kai masa takarda? A zaɓi adireshi ɗaya a nan Yamai a rubuta shi cikin yarjejeniyar, ofishin noter ko gidan wani ɗan'uwa da aka ambata da suna, a ce duk takardar da ta isa nan ta isa gare ka. Wannan wakilin ka ba shi takardar wakilci wadda ta ba shi ikon amsawa da sunanka, ba karɓar wasiƙa kawai ba. Ka zaɓi mai zama gari, mai ɗaukar waya, wanda ba ya da sha'awar wurin shi kansa. Wannan tsari kariya ce ga mai wurin ma: ba zai zauna da mai saye a hannu yana neman ka ƙasa-ƙasa ba.

Sanarwar ta ƙunshi sunan mai tayi, farashi, yadda za a biya, ranar da ake son kammalawa, da kwafin tayin. A rubuta cewa sanarwar da ta rasa ɗaya daga cikin waɗannan ba ta fara ƙirga kwanaki ba.

Mataki na 6: wa'adi

Wa'adi biyu ne, kada a cakuɗa su: na amsawa da na biya. A ganina kwana 30 sun isa mutum ya ce e ko a'a, daga ranar da takarda ta shiga hannunsa ko hannun wakilinsa. Na biya kuma kwana 60 bayan amsa, domin mai neman bashin banki ko mai jiran kuɗi daga waje ba ya haɗa miliyoyi cikin mako. Ba doka ce ta yanka waɗannan kwanaki ba, ku ne za ku daidaita. Abin da ba na so shi ne a rubuta "cikin lokaci mai dacewa", don kowa da nasa ma'aunin dacewa.

Ka tuna da wanda ke ɗaya gefen. Mai sayar da gida sau da yawa larura ce ta taso shi, kamar iyalin Baba Alhaji. Mai saye na waje kuma in ya ji sai ya jira wata uku kafin ya san matsayinsa, yakan ɗauki kuɗinsa ya nufi wani wuri. Sharaɗin nan nauyi ne a kan mai wurin, shi ya sa ya kamata ka sauƙaƙa masa: shirunka bayan kwana 30 ya zama ka haƙura, amsarka ta "e" kuma ta zo da kafin alƙalami, misali kashi 10 cikin 100, a ajiye wurin noter, a kuma faɗi makomarsa in ka kasa cikawa. A ɗaya hannun, in ka haƙura, a ba shi wata 6 ya kammala da na waje. In suka wuce bai sayar ba, haƙƙinka ya dawo sabo.

Mataki na 7: shekara nawa, kuma bayan rai fa?

A sa masa iyaka, shekara 10 ko 15, ko muddin kana riƙe da rabin da ka saya, ko muddin kana haya a wurin. Aya ta 1122 ta dokar farar hula tana ɗaukar cewa mutum ya ƙulla yarjejeniya don kansa da magadansa, sai in an faɗi akasin haka, amma kada ka bar wa fassara: a rubuta ɓaro-ɓaro cewa sharaɗin ya hau kan magadan mai wurin, a kuma faɗi ko naka magadan za su gaje shi. Mai wurin shi ma yana da haƙƙin ya ce fifikon naka ne kai kaɗai, ba ka sayar wa wani shi.

In aka tattara, ma'anar abin da za a rubuta ba za ta wuce haka ba (a nan mai sayarwa shi ne mai wurin, mai saye kuma kai ne): "Mai sayarwa ya ɗauki alkawari, shi da magadansa, na tsawon shekara 10 daga yau, cewa in zai rabu da farsal mai lamba kaza a ilo kaza, duka ko wani yanki, ta sayarwa ko musaya ko zuba shi jari, zai fara sanar da mai saye ta hannun wisiye a adireshi kaza, tare da kwafin tayin da aka yi masa. Mai saye na da kwana 30 ya amsa a rubuce, da kwana 60 bayan haka ya biya daidai abin da aka taya. Shirunsa haƙura ne. Ba za a sayar wa wani da ƙasa da haka ba sai an sake sanar da shi. Wanda ya saɓa zai biya diyyar kuɗi kaza."

Mataki na 8: sa hannu, da sa duniya ta sani

Ka kai wa noter. Na san kuɗinsa na sa mutane ja da baya, su tsaya ga takardar hannu da shaidu biyu. Takardar hannu tana ɗaure waɗanda suka sa hannu, amma tana da rauni a gaban na waje: bisa aya ta 1328, kwanan watan da ke jikinta ba ya zama hujja a kan wani sai daga ranar da aka yi mata rajista, ko ranar da ɗaya daga masu sa hannu ya rasu, ko aka ambace ta cikin takardar hukuma. In dai takardar hannun za ku yi, to a kai ta ma'aikatar lanho a yi mata rajista a buga tambur, kowane ɓangare ya riƙe kwafi na asali.

Mafi kyau sharaɗin ya shiga cikin takardar cinikin kanta, ba wata ƴar takarda daban da za ta ɓace a ƙasan akwati ba. In wurin na da titir, ka ce wa noter ya nemi a ambaci sharaɗin a littafin filaye, domin tsarin titir, tun dokar 26 ga Yuli 1932 ta zamanin Afirka ta Yamma ta Faransa, an gina shi ne a kan cewa abin da ke rubuce a littafin shi mai saye ke dubawa. In gona ce a bayan gari, hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa, su ke ba da takardar shaidar ciniki. A rubuta sharaɗin a gabansu, da sanin mai gari.

Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardun ciniki da Faransanci za ka same su. Kada kunya ta hana ka cewa a karanta maka layi-layi a fassara, da Hausa ko Zabarmanci, kai da mai wurin duka, a gaban shaidu. Sannan ka yi abin da babu dokar da ta wajabta amma ya fi komai hana rigima: ka roƙi dattijon ya kira manyan ƴaƴansa da uwargida su ji da kunnensu. "Baba, don Allah a kira manyan gida su zauna, ba don rashin yarda ba, don halin rai." Babu dattijon kirki da zai ƙi wannan. A sanar da mai unguwa shi ma.

Ranar da takarda ta iso

Ka rubuta kwanan watan a bango in ta kama. Ka duba ko duk abin da aka ce sanarwa ta ƙunsa yana ciki; in da giɓi, ka mayar da amsa a rubuce cikin kwana biyu ko uku kana neman cikon. Ka lissafa kuɗinka da gaskiya, har da kuɗin noter da na rajista da na canjin suna, waɗanda ke zuwa a kan farashin. In za ka saya, ka ce "na karɓa a kan yadda aka faɗa", ka aika ta hanyar da aka aiko maka. Kada ka ce "na karɓa amma a rage mini miliyan ɗaya". Wannan sabon ciniki ne ka buɗe, kuma kwanakinka na tafiya kana cikinsa. In ka san ba ka iyawa, kada ka riƙe bawan Allah har kwana na 30. Rubuta masa takardar haƙura a ranar, noter ɗin mai saye zai buƙace ta.

In aka tsallake ka

Sauri shi ne rabin nasara. Da ka ji ƙishin-ƙishin, tun ba a canza suna a takardu ba, ka sa wisiye ya kai wa mai wurin da mai sayen da noter ɗinsu takarda mai cewa kana da fifiko kuma kana nufin amfani da shi. Daga wannan ranar babu mai cewa bai sani ba. Sai a nemi sulhu ta hannun mai unguwa ko manyan dangi. In ya gagara, ka ɗauki lauya a tafi kotu.

Ka san abin da za ka tarar a can. Abin da ya fi sauƙin samu diyya ce daga wanda ya karya alkawari, shi ya sa na ce a yanka adadinta tun a takarda, kuma ta yi nauyin da za ta sa mutum ya yi tunani biyu. Karɓe gidan daga hannun mai saye abu ne mai wuya, musamman in ya saya da zuciya ɗaya bai san komai ba. A Faransa ma, inda tushen dokar yake, sai a hukuncin 26 ga Mayu 2006 babbar kotunsu ta yarda a sa mai fifiko a gurbin mai saye, shi ma da sharaɗin a tabbatar mai sayen ya san da fifikon, ya kuma san mai shi na nufin amfani da shi. A 2016 suka shigar da haka cikin dokarsu a aya ta 1123. Wannan gyara nasu ne, bai zama dokar Nijar ba, amma ya nuna maka inda gardama ke tsayawa: me mai saye ya sani, kuma yaushe ya sani. Kai kuma mai sayen gida daga waje, ka tambayi mai wurin a rubuce ko akwai wanda ya yi wa irin wannan alkawari, ka tambayi ƴan haya da maƙwabcin da suka raba farsal, a sa amsarsa cikin takardar ciniki.

Yaya bai sami shagon ba, don ba ya da ko layi ɗaya a rubuce. Abin da ya tsare shi daga kora shi ne dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta: aya ta 110 ta ce hayar wurin sana'a ba ta ƙarewa don gida ya canza hannu, sabon mai gida ya gaji alkawuran tsohon. Wannan dokar ta bar shi cikin shagon a matsayin ɗan haya, amma ba ta ba ɗan haya fifikon saye ba. Kuɗin adashin nan daga baya ya sayi rabin farsal da su a gefen gari, wurin wata Hajiya da ta riƙe ɗaya rabin. A gaban noter, da babban ɗanta zaune, aka rubuta sharaɗin: shekara 10, kwana 30, kwana 60. Ni ne wakilin da aka ambata, saboda yakan yi tafiya sarin yadi. Bara da na tashi daga gidan da nake haya, washegari muka koma ofishin aka gyara adireshin, aka kai wa Hajiya kwafi ta sa hannu.